Toshewar jijiyar zuciya da matsewarta: inda suka bambanta

Hajiya, kin tambaya ta yaya likita a Yamai zai ce jijiyoyin zuciyar ƙanenki a buɗe suke, alhali ciwon ƙirji na tashinsa da asuba, kuma ko gaskiya ne sinadaran jikinsa ke matse su. Allah ya ba shi lafiya.

Ciwon ƙirji daga jijiyar zuciya iri biyu ne, toshewa da matsewa. Wanda aka fi sani shi ne toshewa: kitse ya taru a bangon jijiya, hanyar jini ta ƙuntata. Ciwon kan taso in mutum ya yi sauri ko ya ɗauki kaya, ya lafa in ya zauna. Matsewa kuwa takan same shi a kwance, tsakanin tsakar dare da wayewar gari, da rana ya yi aikinsa lafiya lau. Wani likitan Amurka, Prinzmetal, shi ya bayyana ta a 1959.

A toshewa, adirenalin, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin aiki mai ƙarfi ko fargaba, yana sa zuciya ta ƙara gudu, ta nemi jinin da ƙuntatacciyar hanya ba ta iya kawowa. A matsewa, naman bangon jijiyar ne ke damƙewa, kamar yadda ƙafa ke ɗaurewa cikin barci. Sinadaran jiki masu zuga shi suna da yawa: noradirenalin na lokacin fargaba ko sanyi, serotonin da turomboksan daga ƙwayoyin daskarar da jini, histamin, da endotelin da masana a Japan suka gano a 1988, wanda matsinsa ke da ƙarfi da daɗewa. Dukkanmu muna da su. Bambancin shi ne jijiyar ƙanenki ta fi saurin amsawa, sau da yawa kuma shimfiɗar cikinta ba ta fitar da isasshen sinadarin da ke saki jijiya. Shi ya sa asetilkolin, mai buɗe lafiyayyar jijiya, yake matse irin tasa, har da shi ake gwaji.

Abin da ya fi damuna shi ne magani. Furofaranolol da ƴan uwansa masu rage gudun zuciya suna taimakon mai toshewa, amma suna iya tsananta matsewa. Mai matsewa amlodipin ko diltiyazem aka fi rubuta masa, da tirinitirin na ƙarƙashin harshe. Don Allah kada ya ari na maƙwabci don kawai duka biyun ciwon ƙirji ne.

Taba ce babbar abokiyar gabarsa, ya bar ta kwata-kwata. Da hunturu ya ɗumama ruwan alwala. Maganin mura mai buɗe hanci da wasu na ciwon ɓarin kai su ma suna matse jijiya, ya nuna wa likita kafin ya sha.

Kada "a buɗe suke" ya sa ku sakankance: matsewa in ta daɗe tana kashe ɓangaren naman zuciya ko ta rikita bugunta, kuma mutum ɗaya na iya haɗa toshewa da matsewa. In ciwo ya haura minti 5 bayan ƙwayar ƙarƙashin harshe, ko ya zo da zufa ko suma, ku kai shi asibiti nan take, ko da ƙarfe nawa ne.