Corolla, Civic ko Elantra: wacce za ta jure wa Legas?

Ƙanena ya daɗe yana acaɓa tsakanin Agege da Ikeja, har zuwa ranar 1 ga Yuni, 2022, da gwamnatin Legas ta hana babura a ƙananan hukumomi shida, Ikeja na ciki. Ya koma Keke Napep, ya yi ta adashi, bana kuɗin suka kai na ƙaramar mota. So yake ya riƙa ɗaukar fasinja ta manhajar waya, in salla ta zo kuma ya kwashi iyali zuwa Kano. Wata rana bayan isha'i ya miƙo mini waya, hoton wata Ford Focus ce ta 2013, fara tas, tana sheƙi.

"Yaya, dubi wannan. Mai ita ya matsu ne, kuɗinta bai kai na Corolla ba ko kusa."

Na ce masa, "Ka tambaye shi wace irin giya ce a ciki?"

Bai tambaya ba. Yawancinmu ba ma tambaya. Fenti muke kallo, da kujeru, da sanyin esi.

Abin da ke kashe mota a Legas daban yake da na Arewa. Can doguwar hanya ce, da ƙura, da gudu. Nan kuwa mota sai ta shafe awa biyu a gadar Third Mainland ko titin Ikorodu tana rarrafe, daga giya ɗaya zuwa biyu, daga biyu zuwa ɗaya, esi a kunne, inji na dahuwa ba iskar da ke ratsa lagireto. Ga ruwan Yuni da Yuli da ke mayar da wasu tituna rafi. Wanda ke zaune wajen Lekki ko Ajah kuma yana da ƙarin abokin gaba, iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe ta ƙasa. Saboda haka giya, da hanyar sanyaya inji, da ƙafafun mota su ne abin dubawa, sannan a yi tambayar da ta fi kowacce: in ta lalace da yamma, zan sami kayanta a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, gobe da safe?

Da wannan ma'aunin na ce masa ya manta da Focus ɗin. Ƙirar 2012 zuwa 2016 mai giyar otomatik tana ɗauke da abin da Ford ke kira PowerShift, giya mai kuloci biyu busassu da kwamfuta ke sarrafawa. A Amurka kanta masu motar sun yi ƙarar kamfanin kan karkarwa da fizga, aka yi sulhu aka biya diyya. Giyar da ta sha wahala a titunan Amurka, ina ga cunkoson Oshodi? Kusan haka zancen yake ga Nissan Sentra ta 2013 zuwa sama kaɗan, wadda giyarta ta CVT, wato otomatik mara hawa-hawa, ta yi ƙaurin suna. Arhar da ake gani a kansu ba alheri ba ne, kasuwa ce ta riga ta san halinsu.

Sai muka koma kan uku da suka rage.

Toyota Corolla ba ta buƙatar kirari. Tun 1966 ake ƙera ta, an sayar da fiye da miliyan 50 a duniya, kuma a Legas in ka tsaya bakin titi minti biyar za ka gaji da ƙirgawa. Wannan yawan shi ne ainihin darajarta. Duk bakaniken da ya yi shekara uku a gareji ya kwance ta ya ɗaura. Duk layin da ka shiga a Ladipo akwai kayanta, sabo da na Beljiyam da na jabu. Ka tashi zuwa Kano ta tsaya maka a Mokwa ko Tegina, ba za ka kwana uku kana jiran saƙo daga Legas ba.

Amma Corolla iri-iri ce. Ta 2003 zuwa 2008, mai inji 1.8 da giya huɗu, ita ce jakar gida: ba ado, ba kwamfuta mai yawa, kaca ce ke juya injinta ba bel ba. Matsalarta yanzu tsufa, don ƙaramar cikinsu ta haura shekara goma sha biyar, kuma na farko-farkon an san su da shan baƙin mai idan suka daɗe. Ta 2009 zuwa 2013 ita nake ganin ta fi dacewa da mai aikin fasinja: har yanzu giyar gargajiya ce mai jure wulaƙanci, ciki ya fi faɗi kaɗan, fasinja ba ya yamutsa fuska. Masu ita sukan ambaci famfon ruwa da ke fara zuba, gyara ne mai sauƙi in an lura da wuri. Daga 2014 kuwa yawancinsu CVT ne. Ta fi tattalin fetur, ta fi kyan gani, sai dai ba ta yafe kuskure. Tana da manta na musamman. Bakaniken da ya ɗura mata man giyar gama-gari ya haƙa mata kabari, ko da ba a ranar za a binne ta ba.

Illar Corolla ɗaya ce babba, wato tsada. Za ka biya kuɗin suna. Da kuɗin Corolla ta 2010 kana iya samun Elantra da ta fi ta ƙuruciya da wasu shekaru. Ɓarayi ma sun san darajarta, madubi da fitila da kwamfutar inji suna da kasuwa nan take, don haka wanda ke kwana da mota a waje ya yi tunani. Sai dai ranar da ka matsu, kafin la'asar ka sami mai saye. Ga ɗan kasuwa irinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, mota ce kuma ajiya ce.

Honda Civic ta 2006 zuwa 2011 ta fi Corolla daɗin tuƙi, wannan ba gardama. Sitiyari na jin magana, giya biyar ce, allon gaba hawa biyu kamar na jirgi. Samari na sonta. Amma ta yi ƙasa da yawa, kuma Legas gari ne na ramuka da tudun rage gudu da kowane mai unguwa ke ginawa yadda ya ga dama. Ka ɗauki mutum huɗu ka shiga wasu lungunan Agege ko Mile 12, za ka ji cikinta na gogar ƙasa har cikin ranka. Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani: injin wasu na 2006 zuwa farkon 2009 yakan tsage ya riƙa zubar da ruwa, har Honda ta tsawaita garantin zuwa shekara goma a Amurka. Wannan wa'adin ya wuce tuni. In za ka saya, a ɗaga ta a haska jikin injin, a nemi alamar busasshen ruwa ko walda. Maganar da ake yi cewa Honda na cire ƙafa a tsakiyar titi, yawanci kan Accord ake yinta, kuma ni a ganina rabin laifin na kayan jabu ne da sakacin mai mota, don ƙafa ba ta fita sai ta daɗe tana kuka. Ko ma dai yaya ne, mai Honda ya saba da duba ƙafafu duk lokacin juye.

Hyundai Elantra ta 2011 zuwa 2016 ita ce mai ruɗar ido. Jiki mai lanƙwasa, ciki na zamani, giya shida ta gargajiya, shan mai daidai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane suka fara yi mata kallon mutunci. Wata 'yar roba a cikin sitiyarinta takan cinye ta riƙa ƙwas-ƙwas, abin kamar babba amma robar ba ta da tsada, kuɗin aikin ya fi nata. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne ƙarar inji: an yi ta ƙorafi a Amurka da Kanada kan injin 1.8 da ke ƙwanƙwasa da sanyin safiya. Shi ya sa Elantra ba a sayenta da rana tsaka bayan dillali ya riga ya ɗumama ta. Ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake, sannan a tayar a gabanka. Kayanta akwai a Legas, sai dai ba kamar na Toyota ba, kuma da ka bar manyan garuruwa sai su yi wuya. Ranar sayarwa kuma za ka ji jiki. Kia Cerato 'yar'uwarta ce, kusan hukunci ɗaya.

To daga ina za a saya? Sabuwa dal daga wakilan kamfani, irin su Elizade ga Toyota ko Dana ga Kia, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ta zama ta bankuna da manyan kamfanoni. Irinmu tsakanin biyu muke: tokunbo, wadda muke ce wa 'yar Beljiyam ko da daga Amurka ta fito, ko kuwa wadda aka yi amfani da ita a nan gida. A da ana cewa tokunbo ko ba komai. Yanzu ban yarda da wannan ba gaba ɗaya. Da yawa daga motocin da ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Tin Can da Apapa daga gwanjon motocin inshora suke, irin su Copart, wato waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya shanye. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Houston, haka Ian ta yi a Florida a 2022, kuma irin waɗannan motocin ba a Amurka suke ƙarewa ba. Mai hatsari ana iya gyara ta. Mai ruwa kuwa ciwon ajali ne, wayoyinta na ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilar gargaɗi, jibi ta mutu a kan gada. Ka ɗaga kafet, ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujera da laka a ramin safaya taya. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, a biya ɗan kuɗi a binciki tarihinta a intanet, sau da yawa har hoton ranar gwanjo ake gani. A tuna kuma motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil 100,000 kusan kilomita 160,000 ne, in ma ba a mayar da agogon baya ba. Motar gida da mutum ɗaya ya riƙe, yana da takardun juyenta, ta fi tokunbon da ba a san asalinta ba.

A leƙa salansa kuma. Akwai wani abu mai kama da saƙar zuma a ciki da ke tace hayaƙi, kanikawan Legas na ce masa indomi. Yana da tsada saboda ƙarafan da ke jikinsa, don haka ana sace shi tun a tashar ruwa ko a gareji. Motar da aka cire wa shi takan ƙara shan mai da ƙara.

Batun wurin gyara, na ɗanɗana duka biyun. Na taɓa kai motata wani babban wurin gyara mai esi da shayi, mai rasit da na'urar gano cuta. Sun gano matsalar daidai, ba zan ci amanarsu ba. Amma sati uku tana ajiye ana jiran kaya daga waje, kuma kuɗin da aka rubuto sai da na zauna. Ko na kira, amsa ɗaya ce, Alhaji a ƙara haƙuri. Na kuma taɓa kai ta wurin wani na bakin titi da ya ce mini, "Oga, wannan abin na ƙasar sanyi ne," ya cire abin da ke daidaita zafin ruwa, ya haɗa fanka kai tsaye tana juyawa ba tsayawa. Wata biyu ina mamakin yadda fetur ke ƙarewa. Injin ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, shi ne kwamfuta ke ta ƙara masa mai. Irin su ne ke ɗura baƙin mai mai kauri 20W-50 a injin da aka rubuta wa 5W-20 ko 5W-30 a kan murfinsa.

Abin da na tsaya a kai shi ne tsaka-tsaki: bakanike mai zaman kansa da ya ƙware a iri ɗaya, yana da na'urar dubawa, kuma ba ya jin haushi in ka ce za ka bi shi Ladipo. Babban wuri na amfani ga mai sabuwar mota da garanti, ko in matsalar lantarki ta gagari kowa. A nan ma Corolla ta sake yin gaba, don masu hannu a Toyota sun fi yawa, in wannan ya ɓata maka ka matsa gaba kaɗan. Mai Elantra kuwa in ya sami na kirki ɗaya, ya riƙe shi kamar suruki.

Takardu kada a yi wasa da su. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wadda aka ce ta Kwatano ce a bi takardar kwastan ɗinta a tabbatar, musamman ga mai niyyar bin hanyar Arewa inda shinge ba ya ƙarewa. Inshorar dole ta koma naira 15,000 tun farkon 2023, a yi ta gaske. Ga kuma gwajin lafiyar mota na kwamfuta da Legas ke buƙata. Mai niyyar aikin manhaja ya fara tambayar kamfanin shekarar motar da suke karɓa kafin ya biya ko sisi.

Ƙanena ya so Elantra, na gani a idonsa. Da don ofis da gida ce kawai, da ban hana shi ba, in injin ya yi shiru da safe. Amma motar da za ta yi awa goma sha biyu a titi kullum, ta kuma je Kano ta dawo, na ce ya ƙara haƙurin wata biyu ya nemi Corolla ta 2010 zuwa 2013. Mun duba huɗu a kasuwar motoci ta Berger, biyu hoton gwanjonsu ya tona musu asiri, ɗaya ba indomi. Ta huɗun wani malamin makaranta ne a Ogba ya kawo ta, fentin ƙofar baya ya ɗan sha bamban, amma giyarta lafiya lau. Dillali ya nemi la'adarsa daga ɓangare biyu, muka ja har magariba. Ranar Asabar za mu koma da bakanikenmu a ɗaga ta a duba ƙasa.