'Yar na'urar auna oksijin ta yatsa, ku karanta kafin ku dogara da ita

Saboda Mama na saye ta, tana fama da asma, likita ya ce mu riƙa duba oksijin ɗinta a gida in ya yi ƙasa da 92 mu kawo ta. Da farko kam ba laifi, kana maƙala mata a yatsa sai 97 ko 98 ya fito da lambar bugun zuciya a ƙarƙashinsa, har ina ta tallata ta wa 'yan uwa.

Ranar nan cikin dare ta farka da tari, na saka mata, abu ya nuna 83! Na cire na mayar 85, lamba sai tsalle take, ita kuwa tana zaune tana ce min "ni fa ban ji komai ba", amma wa zai tsaya sauraro, haka muka kwashe ta sai asibiti jikina na ɓari. Nas na taɓa hannunta ta ce ai yatsun nan sun yi sanyi ƙalau, ta murza su suka ɗumama ta saka tasu, 96. Ta saka tawa, ita ma 96. Ita ta yi min bayani cewa haske iri biyu na'urar ke harbawa ta cikin yatsa, ja da wani wanda ido ba ya gani, wani ɗan abin gano haske da ke ɗaya gefen yana auna wanda ya ratso, to in jini ba ya gudu sosai saboda sanyi, ko hannu na motsi, ko akwai jan farce, lissafin sai ya rikice. Wallahi takardar cikin kwalin ba ta faɗi wannan yadda mutum zai gane ba.

Na so in yafe wa na'urar tunda aikinta take, sai na ci karo da binciken Jami'ar Michigan na 2020, wanda ya gano irin waɗannan na'urori suna nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa, kuma a masu baƙar fata abin ya kusa ninki uku na farare. A 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kai. Wannan ya fi min ciwo, gara ta firgita ni a banza da ta kwantar min da hankali Mama na cikin hatsari.

Tauraro biyu na ba ta. Na tura wa mai sayarwa saƙo ko an gwada tasu a kan fata irin tamu, har yau shiru.