Zagayen tarihi a Yokohama: jagorar ta ci kuɗinta, kamfanin da sauran gyara

'Yan uwa masu zuwa Japan saro motoci da kayan gyara, in kun samu rabin yini babu gwanjo, akwai wani ƙaramin kamfani a Yokohama da ke zagayawa da baƙi a ƙafa, ana nuna musu inda aka ƙulla yarjejeniyoyin da suka buɗe ƙasar ga Turawa. Na bi su, kuma kuɗina bai tafi a banza ba, ko da yake ina da ƙorafi.

A tashar jirgin ƙasa ta Nihon-odori ake haɗuwa. Taku kaɗan sai ga gidan adana tarihin buɗe tashar jiragen ruwa, a harabar tsohon ƙaramin ofishin jakadancin Birtaniya. Kusa da nan Perry, kwamandan jiragen ruwan yaƙin Amurka, ya sauka a 1854, Hayashi Akira, wakilin gwamnatin Japan, ya yarda jiragen Amurka su riƙa tsayawa a Shimoda da Hakodate su ɗebi ruwa da kwal, amma ya ƙi buɗe ƙofar ciniki.

Jagorar tamu dattijuwa ce, ba ta gaggawar magana. Inda ta burge ni shi ne zancen 1858, lokacin da wakilan Japan Iwase Tadanari da Inoue Kiyonao suka zauna da jakadan Amurka Townsend Harris aka ƙulla yarjejeniyar ciniki. Ba ta ɓoye asarar ba. Bature in ya yi laifi a Japan, jakadan ƙasarsa ke yi masa shari'a, alƙalin gari ba shi da ta cewa. Kuɗin fito ma ya fita daga hannunsu, har a 1866 aka matsa musu aka mayar da shi kusan kashi 5 cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kwastan ya san abin da ƙasa ta rasa a nan. Sai dai mutanen nan biyu ba su miƙa wuya haka kawai ba. An rubuta cewa ba za a shigo da ofiyom ba, kayan mayen da ya jawo wa China yaƙi. An kuma yi wa baƙi iyaka, ba su wuce kusan kilomita 40 daga tasha.

Dabarar da ta fi ba ni dariya ita ce ta garin kansa. Takarda ta ce a buɗe Kanagawa, amma Kanagawa na kan babbar hanyar Tokaido, inda masu takubba ke kai da kawo, ana tsoron fitina. Sai gwamnati ta gina matsayar jiragen ruwa da rumfuna a wani ƙauyen masunta can gefe, ta ce ai nan ma yankin Kanagawa ne. Harris ya yi ta faɗa. Fatake kuwa suka ga wuri a shirye, suka tare a 1859. Ƙauyen nan shi ne Yokohama.

Ƙorafina a kan kamfanin yake. Sun yi alkawarin kai labarin har ƙarshe, sai suka ɓata mana lokaci a shagon tsaraba. Don haka a tsaitsaye muka ji nutsewar jirgin Birtaniya mai suna Normanton a 1886, inda fasinjoji 'yan Japan 25 suka mutu, kotun Birtaniya ta ba kyaftin ɗin wata 3 kacal. Haka ma yarjejeniyar 1894 ta zamanin ministan harkokin waje Mutsu Munemitsu da ta soke shari'ar jakadu, da 1911 da ikon sa kuɗin fito ya dawo. Wannan ai shi ne naman labarin. Batun cewa Japan ta ɗora wa Koriya irin wannan yarjejeniya a 1876 kuwa, sai da na tambaya, baiwar Allah ta ce haka ne, ba ya cikin tsarin da aka ba ta.

Abincin rana akwai naman alade, ku faɗa musu tun wajen biyan kuɗi. Kada ku zaɓi Litinin, gidan tarihin a rufe yake.