Wankin haƙori a asibiti ko aswaki da ruwan gishiri?

Tun da aka ji likita ya kankare mini haƙora, 'yan'uwa ke ta tambayata: in dasashi na zubar da jini, a bi maganar likita ko a tsaya ga aswaki da ruwan gishiri mai ɗumi?

Wajen kuɗi, gida ya fi sauƙi, aswaki ko a bakin masallaci ka samu. Asibiti kuwa, Murtala ne ko Malam Aminu Kano, akwai kuɗin kati da na aiki.

Babban tsoron mutane shi ne wai wankin na sa haƙori girgiɗi ya buɗe wushirya. Ni ma na yi wannan zargin. Ashe dattin da ya ƙandare a gindin haƙori ne ke cinye dasashi da ƙashi a hankali, in an cire shi sai giɓin da ya rufe ya bayyana. Haƙoran kan yi tsami na 'yan kwanaki. Aswaki na hana sabon datti taruwa, amma ba ya fasa wanda ya zama dutse.

Mai ɗan jinin da bai daɗe ba, goge baki safe da dare na iya isarsa. Mai warin baki, girgiɗi ko ciwon suga, asibiti ne nasa, in kuma hankalinsa bai kwanta ba ya ji ta bakin likita na biyu.