Hattara da masu tallar "tsohon" tangaran na Ingila a Facebook

Jama'a masu tara tukwanen ajiye taba da asusun ajiye kuɗi na tangaran na Ingila, a yi hankali. Akwai 'yan damfara da ke ɗauko hotuna daga shafukan gidajen gwanjo, su liƙa a Facebook ko Instagram, su ce kayan gado ne ake neman rabuwa da su da gaggawa. Sai su nemi a biya ta PayPal a sashen 'yan uwa da abokai, inda mai saye ba shi da kariya. Kuɗi na shiga, shafi ya ɓace. Kafin ka tura ko sisi, saka hoton a Google Lens (manhajar gano inda hoto ya fito), ka kuma ce a ɗauko maka gindin kayan kusa da takarda mai ranar yau.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu aiko da kaya, amma jabu. Zanen gaske, irin na Staffordshire da Sunderland (wuraren yin tangaran a Ingila), daga farantin tagulla da aka sassaƙa ake buga shi a takarda mai laushi, a manna a jikin tangaran kafin a gasa. Shi ya sa za ka ga wurin da takarda ta haɗu, wani lokaci da ɗan karkata. Na zamani kuwa, in ka sa gilashin ƙara girma, ɗige-ɗige ne jere reras kamar hoton jarida. Tsattsagewar fuskar tangaran ma ba hujjar tsufa ba ce, da gangan ake yin ta, a jiƙa a shayi ta yi duhu.

Sai hatimi. Kalmar "England" a gindi galibi daga 1891 ta fara, bayan dokar harajin McKinley ta Amurka ta 1890 da ta tilasta rubuta ƙasar da aka yi kaya a jikinsu, "Made in England" kuma yawanci ƙarni na 20 ne. Wanda ya ce maka abin 1830 ne alhali ga wannan rubutu, ƙarya yake. Hatimin "Victoria Ware Ironstone" mai kama da tambarin sarautar Ingila, na kwaikwayo ne.

Asusu ya fi hatsari, domin da yawa fasa su aka yi don a ciro kuɗi, saboda haka gyararru sun yi yawa. Haska fitilar UV (irin ta duba jabun kuɗi) a ɗaki mai duhu, wurin da aka liƙe yakan fito daban. Tukunyar ajiye taba kuma a tambayi murfin ciki mai danne tabar. Sau da yawa ya ɓata, ko an aro na wata tukunya, kuma wannan kaɗai ya isa a rage farashi.