Gwajin ruwan rijiya a Kumasi: aikinsu da kyau, rahotonsu da saura

Duk mai rijiyar burtsatse a Aboabo ko Asawase ya kamata ya kai ruwansa gwaji, musamman idan maƙwabta na ɗiba. Ɗakin gwajin da ya gwada namu, na 'yan kasuwa ne, kuma a wajen ɗaukar samfur ba ni da abin cewa. Ma'aikaciyarsu ta zo da kwalabe biyu, ta goge bakin famfo, ta bar ruwa ya zuba na ɗan lokaci kafin ta cika. Kwalbar binciken ƙwayoyin cuta ta sa ta cikin ƙanƙara nan take. Ta ce, "Alhaji, wannan ba ta kwana." Kuɗin dai ya ɗan ciji aljihu.

Takardar sakamako ce ta bar ni da tambayoyi. E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, babu, alhamdulillahi. Dalma da asenik (wani sinadari mai guba) duk suna ƙasa da maikrogiram 10 a lita, iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kowane layi an rubuta "ya cika ƙa'ida", shi ke nan.

To, ƙa'idar wa? Yawancin waɗannan iyakoki an lissafa su ne a kan babban mutum mai kilo 60 da ke shan lita 2 a rana. A gidana akwai jikata da ake dama wa koko da wannan ruwa, ga mai ciki, ga ɗana da ke wuni a Suame Magazine, unguwar makanikai, cikin hayaƙin walda da ruwan batir. Hukumar da kanta ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa. Abin da ya shiga ta ruwa da wanda ya shiga ta ƙura jiki ɗaya suke taruwa, amma takarda kowanne layinsa daban. Na tambayi shugaban ɗakin, ya ce gaskiya su awo suke yi, lissafin haɗarin ga yara aikin masu bincike ne. Na yaba da bai yi mini ƙarya ba.

Kuma da rani aka ɗauki samfurin. Idan damina ta sauka, kwata ta cika ta malalo kusa da masai, sakamakon na iya canzawa, amma ko layi ɗaya ba su rubuta a kai ba. Gwajin zaiba, wadda 'yan galamsey (masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba) ke wanke zinare da ita, sai ka nema ka biya daban.

Ku je, amma ku faɗa musu su waye ke shan ruwan, ku kuma sake gwadawa bayan ruwan sama na Yuni.