Makonni goma a ajin zanen wata 'yar Puerto Rico a Bronx

Maƙwabciyata ce ta ja ni. 'Yar Jamhuriyar Dominika ce, ƙofarta na kallon tamu a benen da muke haya a Bronx, a birnin New York, kuma ta gaji da ganin 'yata mai shekara tara tana zane a bayan takardun kuɗin wuta. Ta ce akwai wata mai zane 'yar Puerto Rico da ke koyar da yara ranar Asabar a ɗakin taron unguwa, koyarwar kyauta ce, kuɗin kayan aiki kawai ake bayarwa. Baban yara ya ce in je in gani da idona tukuna. Muka fara a tsakiyar Satumba, daidai lokacin da ake shiga watan tunawa da al'adun masu jin Sifaniyanci a Amurka, wanda ke farawa 15 ga Satumba ya ƙare 15 ga Oktoba. Mu kam sai ƙarshen Nuwamba muka gama.

Malamar dattijuwa ce, faratanta ba sa rabuwa da fenti. Ba ta raba wa yara hoto ta ce su shafa launi. Labari take farawa da shi, sai yara sun ƙosa sannan ta buɗe kwalin kaya. Aikin farko shi ne fuskar dodon da suke kira vejigante, mai ƙahoni birjik da haƙora a waje. A garin Ponce na tsibirin Puerto Rico da takarda ake yin ta, a garin Loíza kuwa da ɓawon kwakwa ake sassaƙa ta. Sunan daga mafitsara ya samo asali, don a da mafitsarar saniya ake busarwa a hura, dodon ya riƙa bugun 'yan kallo da ita. Yara suka fashe da dariya, ni kuwa tashe ya faɗo mini a rai. An hura balan-balan, an yayyaga tsofaffin jaridu, an dama fulawa da ruwa kamar koko, ana tsomawa ana liƙawa. Sai da aka yi Asabar uku kafin abin ya bushe ya yi tauri, a nan na ga yarinyar da ba ta iya zaman minti biyar ta koyi jira.

A mako na biyu ne 'yata ta dawo da tambayar da ta sa na ajiye ludayi. "Umma, wai dodon nan Musulmi ne?"

Asabar ta gaba ban tsaya a bakin ƙofa ba, na shiga na sami malamar. Ban ɓoye mata ba cewa raina bai so ba. Ita ma ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce Sifaniyawa ne suka kawo bikin Santiago, waliyyin da suke cewa ya taimake su a yaƙinsu da Musulmin Andalus, kuma dodon a asali yana wakiltar waɗanda aka yaƙa ne. Amma mutanen Loíza, waɗanda mafi yawansu jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka, sun mayar da dodon nasu, har ya zama shi ne abin kallo a bikin da suke yi a ƙarshen Yuli. Ta ce gara yara su ji tarihin yadda yake da a shafe masa hoda. Ban ce na gamsu ɗari bisa ɗari ba, amma na girmama ta. A makon da ya biyo, ba tare da na roƙa ba, ta zo da kalmomin Sifaniyanci da suka fito daga Larabci ta rubuta a allo: azúcar, wato sukari, arroz shinkafa, aceite mai, sai ojalá da suke faɗa in suna fatan wani abu, wadda asalinta ambaton Allah ne. Ta gaya musu Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya daga 711 zuwa 1492. 'Yata ta zauna tana hura hanci kamar ita ta ci Andalus ɗin.

Da aka zo shafa fenti, malamar ta ce kowa ya kawo ado daga gidansu. Yarinyar ta ɗauki hoton dagin Arewa da ke jikin wata tsohuwar jakar fata tawa, ta zana shi a goshin dodon. Babanta ya ce ba za a rataye fuska a bangon falo ba, yanzu haka tana cikin kwali a saman kabad.

Ranar da ta fi burge ni ita ce ta kiɗan bomba. Malamar ta gayyato wani makaɗi da gangunan da asali daga gangar katako ta zuba giya ake yin su, a ɗaura fatar akuya. Abin mamakin shi ne mai rawa ke jan makaɗi: ka karkaɗa kafaɗa ya buga, ka tsaya cak ya tsaya. Ta haɗa wannan da gonakin rake da bautar da ba a soke ba a tsibirin sai 1873. Yaran ba su yi surutu ba ranar.

Ta kuma kai mu gidan tarihin El Museo del Barrio, a titin Fifth Avenue daidai layi na 104. Wani mai zane kuma malamin makaranta, Raphael Montañez Ortiz, ya kafa shi a 1969, bayan iyaye a gabashin Harlem sun matsa cewa a riƙa koya wa 'ya'yansu tarihinsu a makaranta. Ina tsaye gaban kayan tarihin mutanen Taíno, 'yan asalin tsibirin kafin zuwan Turawa, na tuna 'yata ba ta san ko menene faifai ba. Wannan ya ɗan sosa ni.

Sai dai ajin yana da nasa aibin. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, daga Oktoba sanyi ya fara cin ƙafa, ga warin fulawar da ta kwana. Ba a taɓa farawa a kan lokaci ba, wani lokaci a makara da rabin awa, mu kuma muna da Islamiyya da azahar, sau biyu muna fita ana tsakiyar aiki. In zance ya yi daɗi malamar takan zarce da Sifaniyanci, ta manta akwai yara uku da ba sa ji. Fentin kuma ba ya fita, hijabi biyu muka yi asara kafin na gane in riƙa sa mata tsohuwar rigar babanta a sama.

Babban ƙorafina shi ne makon bikin matattu na mutanen Meziko, wanda ake yi 1 da 2 ga Nuwamba. Ba a sanar da iyaye ba, sai muka tarar an kafa tebur da kyandirori, an ce yara su kawo hotunan mamatansu. Na ja malamar gefe na ce mu addu'a muke yi wa namu. Nan take ta ba 'yata takardu masu launi da almakashi ta koya mata yankan ado irin na papel picado da furanni ruwan lemo. An rabu lafiya, amma da ta raba jadawali tun farko da ba a kai ga haka ba.

Ga 'yan uwa da ke New York masu tunanin sa yaro a irin wannan aji, shawarata ku nemi jadawalin tun ranar rajista, kuma ku zauna a darasi biyu na farko. Mu dai mun sake rubuta suna na zangon bazara. Malamar ta ce za a yi zanen bango, ta kuma roƙe ni in zo da lalle in nuna wa yara yadda ake ƙunshi. Na ce mata sai dai kowa ya zo da izinin uwarsa a rubuce, don shi ma ba ya fita da sabulu.